Jan Fenti a Jikin Bishiya ta Goma Sha Huɗu

Daga: Maiɗinki,
Gida mai lamba 14, Layin Bayan Makaranta.
11 ga Maris, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Sashen Lambuna da Ƙawata Birni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HUKUNCIN TUMƁUKE BISHIYA ƊAYA TILO DA TA RAYU A LAYINMU

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda a madadin mahaifina, wanda duk layi ya sani da Baba Mai Dashe, mai shekara saba'in da tara. Ya so ya rubuta da kansa, sai dai kalmomin da ya zaɓa ba su dace da teburin ofis ba, shi ya sa na karɓe biron.

1. A ranar 2 ga Afrilu, 2020, ana tsakiyar zafi, ruwan sama ko alamarsa babu, ma'aikatanku suka dasa bishiyoyi arba'in a layinmu, kowace da lambarta. Masu ganye kamar allura ne, irin na ƙasashen sanyi. An ce wani babba ne ya gan su a hoton kalanda suka burge shi. Mu dai ba a tambaye mu ba, mu a su wa? Baba ne ya leƙa ramin ƙofar gidanmu, ya tarar an binne dashen da ledarsa, saiwa a ɗaure tamau. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

2. Motar ruwa ta ziyarce su sau biyu: ranar dashe, da ranar ɗaukar hoto. Zuwa 30 ga Mayu duk arba'in ɗin sun bushe ƙayau. Adalci ya sa in ambata cewa sashenku bai yasar da su ba, domin an dawo an shafa musu farin fenti a gindi. Waɗanda ba a yi makamashi da su ba suna nan tsaye, kuma mai wanki na godiya, tsakanin ta bakwai da ta takwas yake ɗaura igiyar shanya.

3. A cikin wannan watan Mayu na 2020 ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Likita ya ce lallai ya riƙa takawa. Ya ƙi. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, yayana ya sayo sanda mai ƙafa huɗu, Baba ya mayar da ita marataya ta hula. Sai ranar 6 ga Yuli, da damina ta kankama, ya ce in cire busasshen icen rami na 14, na ƙofar gidanmu, in ɗauko masa wani gwangwanin madara a bayan ɗaki. Darbejiya ce a ciki, ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Yana zaune a kujera yana ba ni umarni: in yanke gwangwanin, in sassauta saiwar, kada in binne wuyanta, in yi mata kwari a gewaye don ruwa ya tsaya. Ya ce ita ba ta tsoron rana, ba ta jiran motar kowa, kuma lokacin da ake neman inuwa ba ta tuɓe ganye.

Daga ƙofar ɗakinsa zuwa ramin taku talatin da biyu ne, na ƙirga. Washegari ya ce ban iya ban-ruwa ba, wai ina kwarara shi kamar mai wanke tsakar gida. Ya sauke hular daga kan sandar, ya tashi. Wallahi, ranka ya daɗe, ina kan keken ɗinki na ga giccinsa ta taga, kofi a hannu rabin ruwan ya zube, sai da na ɗinke hannun riga a wuya. Tun daga ranar bai fasa fita ba.

4. A ranar 4 ga Maris ɗin nan wani jami'inku ya zo ya zana wa darbejiyar jan fenti, ya liƙa takarda cewa za a tumɓuke ta ranar 25 ga wata, saboda ba ta cikin jerin bishiyoyin da aka amince da su, kuma ta fita daban da sauran. Wannan batu na biyu ba mu musa ba: ita kaɗai ke da ganye. Ina kuma sanar da ofis, cikin ladabi, cewa a ƙarƙashinta jami'in ya ajiye babur ɗinsa, a inuwarta ya cike fom, ya nemi ruwa muka ba shi, ya ɗan kishingiɗa har hularsa ta faɗi.

5. Tun daga ranar Baba ya goge fentin sau uku da soso, bai fita ba. Yanzu ya kai kujerarsa gindinta, ya ce a haɗa su a tumɓuke tare, a huta da zuwa biyu. Maƙwabta na dariya, ni ma nakan yi. Amma kwanonsa yana dawowa yadda na kai shi, kuma ina jin tsoro. Idan babu bishiyar nan, ban san abin da zai sake tayar da shi daga gado ba.

6. Ya hana ni faɗar wannan, amma zan faɗa: shekara talatin da huɗu ya yi lebura a gandun renon dashe na sashenku. Da za a zaɓi abin da za a dasa a ƙofar gidansa, ba wanda ya tambaye shi. Da tsohuwar zuma ake magani, ranka ya daɗe.

Saboda haka ina roƙo da ƙanƙan da kai a soke hukuncin kafin 25 ga wata, a kuma shigar da darbejiya cikin jerin, ko da a can ƙasa ne.

Roƙo na ƙarshe ba nawa ba ne. Na karanta wa Baba takardar nan, ya yi tsaki, ya ce na bar mai muhimmancin. A bayan ɗakinsa akwai gwangwanaye talatin da tara, kowane da darbejiyarsa, yana renonsu tun bara, kyauta ne ga sashenku. Ya ce a bari sai ruwa ya sauka sau uku, a aiko da mota, kuma zai zo ya tsaya a kan kowane rami da ƙafarsa, don kada a binne su da gwangwanin kamar yadda aka binne na farko da leda.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Maiɗinki, 'yar Baba Mai Dashe.