Tambayar da Ta Tsayar da Ni Gaban Allo

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikinki, yaya maigidan da yara, yaya zaman Abijan? Mu nan Mayahi lafiya lau, an fara girbin gero.

Jiya na ji kunya gaban ɗalibaina. Ina koya musu kalmomin Ingilishi biyu, alone da lonely, sai wata ɗaliba ta ce, yadda suke kiran malami a nan, "Mushe, ba duk kaɗaici ba ne?"

Na ce a'a. Na farko makiyayi ne a dajin Isawan, shi da shanunsa, ransa fes. Na biyu mutum ne a gida cike da jama'a, ana miƙo masa tuwo, shi kuwa yana jiran muryar da ba zai ƙara ji ba.

Nan na juya ina goge allo, alhali ban rubuta komai ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwar matata Zainabu. Inna tana ƙoƙari da ni, amma har yau in na dawo daga koyarwa a lakwal nakan yi sallama in dakata, ko Zainabu za ta amsa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ki kira ni ran Juma'a, ko ba ki da abin faɗi.

Ƙanenki,
Sani