Na goge aikin marigayi, na ɗora wa wuta laifi

Tanti Ramatou, ki taimake ni kafin Asabar. Ni uwa ce da ba a yi wa ƙarya a gidanta, yau kuma ni ce mai ƙaryar.

Marigayi maigidana ya buɗe siber, wato shagon intanet, a nan Magarya shekara goma sha biyu da suka wuce. Da yake na yi kwaleji, ni nake buga wa mutane takardu. Na ce masa ba zan zauna inda 'ya'yan mutane ke kallon banza ba, sai ya sayo wani ɗan akwati, parfe, mai tsare ƙofar intanet. Shi ya tsara shi da hannunsa. Duk abin da ya rufe sai ya rubuta dalili a gefe. Wani wuri ya sa: dokar Madam ce, kada a taɓa. Ranar kasuwa mutanen Bande da Yekuwa su cika benci, yana tsokanata da sunan nan Madam, ina harararsa. Bayan rasuwarsa nakan buɗe wurin don kawai in karanta.

Yanzu ɗanmu Nafi'u ke riƙe da shagon. Ran Litinin na ga wasu samari suna kallon abin da bai dace ba. Ban tambayi kowa ba, na yanke cewa Nafi'u ne ya sassauta, don yaran yanzu ba su san kunya ba. Na shiga akwatin da kod ɗin sirri na babansa, na ga fishiye, wato fayiloli, masu sunayen da ban sani ba, na zaci Nafi'u ne ya sa su, na goge su. Ashe aikin marigayi ne. Akwatin ya daina aiki. Da Nafi'u ya tambaya na ce wuta ce ta ɗauke. Ran Asabar zai kai shi Damagaram a wanke a sake zubawa. Har ya ba ni haƙuri, wai ya san ina son rubutun Baba.

Wata uwa, Magarya

Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki. Ki cire akwatin daga wuta yanzu, kada kowa ya sake kunna shi. Sau da yawa abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. Teknisiyan da ya san aikinsa zai iya ciro ma'ajin da ke ciki, ya kwafe shi duka, ya yi bincikensa a kan kwafin. Ban ce tabbas zai dawo ba. Ku duba kayan marigayi ma, mai tsari irinsa yakan bar kwafi a kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba muddin Nafi'u na zaton wuta ce. Idan aka wanke akwatin, da wuya a sami komai. Kishin tarbiyyarki abin yabo ne, sai dai kin hukunta ɗanki ba ki saurare shi ba, kuma wataƙila samarin ne suka samo hanyar kauce wa akwatin. Ki kira shi yau ki faɗa masa, ki nemi afuwarsa ba tare da wa'azi ba. Dokar hana ƙarya ke kika kafa ta, ke ma ta hau kanki. Allah ya dawo miki da rubutun, ya ƙara haɗa kanku.