Jif Biyu, Burtali Ɗaya

Gwaggo Kaltume, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya. Na san wasu masu karanta filin nan za su ce wannan ba matsala ba ce, ƙoshi ne. Kyautar mota aka yi mini, aka ce in zaɓi ɗaya cikin biyu, yau sati uku ke nan na kasa. Sunayen da za ki gani na canza su, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane mu.

Ni malamin gona ne, ina zaune a Dawakin Tofa da matata Aina'u da yaranmu. Asalinmu wani ɗan ƙauye ne ta wajen Kunci. In ka sauka daga kwalta sai ka bi burji, burjin ya ƙare ka shiga burtali, sannan ka tsallaka wani rafi da ba shi da gada. Da rani rafin yashi ne zalla. Da damina kuwa, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, burtalin yakan koma kamar kunu mai kauri. A can mahaifiyarmu Inna Larai take. Ga hawan jini, ga ciwon baya da kullum sai an gasa mata da tsumma mai zafi, amma ta rantse ba za ta bar ɗakin da Baba ya bar ta a ciki ba. Mun yi lallashi, mun yi fushi, ta ce kajinta ba su san hanyar birni ba.

Bara cikin Agusta, da hantsi, aka kira ni jininta ya hau. Na ɗauko ƙaramar motata na zo ƙarshen burji na tsaya, don daga nan ko taku goma ba za ta yi ba. Na fi awa guda a gindin tsamiya da makulli a hannu. Can sai ga amalanken shanun Baffa Ɗan Iya, ƙanen mahaifinmu, Inna na kwance a kan tabarma, an lulluɓe ta da leda saboda yayyafi. Alhamdu lillahi ta warke. Amma wani ya ɗauki hoton amalanken ya saka a zauren waya na 'yan uwa, ƙanena Zaharaddini da ke aikin jinya a Kanada ya gani. Ya kira ni yana kuka, ya ce tunda yana raye Inna ba za ta sake hawa amalanke ba. Bana ya samo jif biyu na hannu, ya ce in zaɓa, shi zai yi komai har ta iso ƙofar gidana.

Ta farko ni na sa mata suna Basamudiya. Mai kusurwa huɗu ce kamar akwatin ƙarfe, ga tsayi, na tabbata Aina'u sai ta taka kujera 'yar tsugunno kafin ta hau. Tayoyinta masu kauri, safaya a rataye a baya, kuma an ce tana da wata giyar ƙarfi ta daban ta fita daga taɓo. Zaharaddini ya ce shan mai gare ta, tana da nauyin jiki, in ka sha kwana da gudu sai ta yi tangaɗi.

Ta biyun kuwa, Gwaggo, 'Yar Gayu ke nan. Baƙa wuluk, ta ɗan durƙusa ƙasa, kujerun fata ja, rufin gilashi, manyan rim da siraran tayoyi. Ya ce kafin ka gama gyara hularka gudunta ya kai kilomita ɗari. Ya turo mini ƙarar injinta, ni kuwa, mutum mai shekara arba'in da shida, na riƙa saurara a ofis kamar waƙa. Dukkansu masu jan taya huɗu ne, dukkansu kuma kujerunsu na da maɓallin ɗumama mazauni. Ki ji fa, ɗumama mazauni, a ƙasar Kano! Har sitiyarin ma wai yana yin ɗumi. Na ce da na sanyaya shi suka yi da sun fi samun lada.

Zaharaddini ya gwada su duka a dusar ƙanƙara, ya turo bidiyo. 'Yar Gayu ta sha kwana a kan farin titi ko gezau, wai akwai na'urar da ke lura da kowace taya. Basamudiya kuwa da ya taka birki sai da ta ɗan ja jiki kafin ta tsaya. Shi dai ya fi karkata ga 'Yar Gayu. Cewa ya yi motar da ta ci ƙanƙarar Kanada, lakar ƙauyenmu mece ce a wurinta. Shekararsa goma sha ɗaya rabonsa da ganin daminarmu, kuma a keke ya san burtalin nan. Ni kuma na kama bidiyon ina nuna wa duk wanda ya tambaye ni, kamar takardar shaida.

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni malamin gona ne, ƙasa ce aikina. Na san 'Yar Gayu ba za ta wuce burtalinmu da damina ba. Kuma, Allah ya yafe mini, wannan na cikin abin da ya sa nake son ta.

A ƙauyenmu wanda ya sayi mota ba shi ke da ita ba. Baffa Ɗan Iya ba ya roƙo, sanarwa yake yi: gobe motarmu za ta kai wance asibiti, jibi motarmu za ta ɗauko taki. Ƙaramar motar tawa ta ɗauki mata tara rakiyar amarya. Ta ɗauki rago, ragon ya cinye mini bel ɗin kujera. An taɓa sa mini masakin daddawa a but, wata biyu duk wanda na rage wa hanya sai ya sauke gilashi. Ba ni da Asabar, ba ni da Lahadi. Hutuna ɗaya a shekara shi ne damina, don kowa ya san motar ba ta shiga, wata uku wayata ta yi shiru, ba wanda zai kira ni marowaci. Yanzu labarin jif ya riga ya isa can. Mata har sun sa mata suna motar gari, Baffa kuma an ce ya fara yi wa mutane alkawari da ita tun tana bayan teku.

In na ɗauki Basamudiya na zama direban gari wata goma sha biyu. In na ɗauki 'Yar Gayu, zan ce ai ba ta iya shiga, ban yi ƙarya ba, ban ɓata da kowa ba. Aina'u ma ita take so, ta ce ta gaji da auren mutumin da ba ta ganinsa sai ya dawo yana warin akuya. Sannan a rayuwata ban taɓa mallakar wani abu don jin daɗina kawai ba. Amma da na ce to na yanke, sai ledar nan da aka rufa wa Inna ta faɗo mini a rai, abinci ya fita kaina. Zaharaddini ya ce ranar Juma'a yake son amsa. Wacce zan ɗauka? Kuma ni mugun ɗa ne?

Mai Zaɓi Biyu, Dawakin Tofa

Malam Mai Zaɓi Biyu, na yi dariya, ka yi haƙuri, ragon nan ne ya ja. Amma kai ba mugun ɗa ba ne. Mugun ɗa ba ya kasa cin abinci saboda leda. Gajiya ka yi, kuma kana da gaskiyar gajiya.

Mu fara da motocin. Na kai wasiƙarka wurin Malam Fatihu, makaniken da ya fi shekara ashirin yana kwance a ƙarƙashin jif, ga abin da na taho da shi. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, gwajin ne ba namu ba. A can ƙanƙara kan kwalta take zuba, a share ta, a watsa gishiri. Matsalarsu santsi ce, kuma a santsi mota mai ƙasa-ƙasa mai na'urori tana iya fin mai tsayi natsuwa. Matsalarka kuwa nutsewa ce. A taɓo abin da ake tambaya shi ne nisan cikin mota da ƙasa, kaurin taya, da giyar ƙarfin nan. In cikin mota ya zauna a kan laka, tayoyi huɗun sai dai su yi ta juyi a banza suna yi maka feshi.

Ban raina 'Yar Gayu ba. A kan kwalta ta fi birki, ta fi kama kwana, ta fi daɗin doguwar tafiya. Da rayuwarka daga Dawakin Tofa ce zuwa Kano, da na ce ka ɗauke ta ka zo ka ba ni ɗani. Sai dai siririyar taya ba ta shiri da ramukanmu, rami ɗaya sai ya fasa ta ya lanƙwasa rim, kayan gyaranta kuma sai an jira. Basamudiya ma tana da nata halin. Za ka san gidajen mai da sunan masu zuba shi, kuma ba motar gudu ba ce, kada ka sha kwana da ita kamar ƙaramar motarka. Sannan ba kwalekwale ba ce. In rafi ya kawo ruwa yana gudu, ka tsaya ya janye, ka taka da ƙafa ka ga zurfinsa kafin ka shiga.

Abu biyu za ka faɗa wa Zaharaddini. In tayoyin sanyi ne a jikinta, a canza su, don robarsu mai laushi ce, zafin kwaltarmu zai cinye su da wuri. Kuma ya sa a ɗaga ta a duba ƙasanta, gishirin titunansu yana sa tsatsa. Ka kuma gaya masa gaskiyar burtalin. Shi don Inna ya ɗauki wannan nauyi. In ya ga hoton amalanke karo na biyu, ga jif a ajiye a ƙarshen burji, ba mota kaɗai za ka yi asara ba.

Yanzu ga ainihin maganar. Kai ba mota kake nema ba, wanda zai riƙa ce wa Baffa a'a a madadinka kake nema. To mota ba ta da baki, kuma a'ar da za ta yi ba ta bambance taki da mahaifiyarka. Ranar da ta ƙi shiga don buhu, ranar ce za ta ƙi shiga don Inna.

Wannan a'ar kai za ka faɗe ta, kuma tun motar ba ta iso ba. Ka sayi goro, ka je ka durƙusa gaban Baffa, ka fara da godiyar amalankensa, don shi ya fito da ita ranar da ka kasa. Sannan ka ce Zaharaddini ya aiko da motar ne saboda Inna, wanda gaskiya ne. Mara lafiya da mai naƙuda, ko na wane gida ne, a kira ka kowane lokaci. Taki da rago da kayan biki kuwa, akwai a-kori-kura ranar kasuwa. Ka faɗi haka a gaban Inna, don ta zama shaidarka. Za a yi gunaguni, wasu za su ce boko ya ɓata ka. Sati biyu ne, ba ya kisa. Ka kuma ware Asabar ɗin da ba ta kowa ba sai Aina'u, don ita ma ƙorafinta na kan hanya. Batun jin daɗi kuwa, ka jira ranar da za ka ratsa burtalin nan tsakiyar Agusta, gero ya rufe ka hagu da dama, mutane sun fito kallo. Ka rubuto mini in ba ka ji daɗi ba.

Saboda haka ranar Juma'a ka ce Basamudiya. Maɓallin nan kuma da kake yi wa ba'a, kada ka ƙara. Duk cikin kayan ƙasar ƙanƙara shi ne aka yi domin gidanku. Ranar farko da za ka kai Inna awon jini, ka faka a ƙofar ɗakinta, ka ɗora ta a kujerar gaba, ka danna shi ba tare da ka gaya mata ba. Kafin ku kai rafi za ta tambaye ka wa ke gasa mata baya.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya yi wa Zaharaddini albarka, ya tsare hanya, ya sa a kashe lafiya. A gaishe mini da Aina'u, a kuma nisanta motar daga raguna.

Gwaggo Kaltume