Zaren da Na Ƙona

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, kafin wani ya riga ni da ƙarin gishiri, surukinka yana gida, yana ci yana sha, har da mita. Ranar Talata tartsatsin walda ya kama masa hannun riga a wurin aiki. Da aka kira ni, na ruga asibiti, keken ɗinkin ma a kunne na bar shi.

Wata biyu da suka wuce ya kawo mini wani yadi shuɗi mai sheƙi, wai in ɗinka masa rigar aiki, mai shagon ya rantse masa auduga ce zalla. Har na ɗauki almakashi, sai na tuna yadda kake zare zare ɗaya ka kunna masa ashana kafin ka yanka kowane yadi, mu kuwa muna bayanka muna dariya, muna ce maka Baba mai ƙona kayan mutane. Na gwada. Ba warin takarda, ba toka mai laushi irin ta auduga. Zaren ya takure, ya narke, ya dunƙule baƙi ƙirin, ya manne mini a yatsa. Roba ce tsantsa.

Na ƙi ɗinkawa. Na samo auduga mai kauri, marar ado, na yi masa da ita. Kwana uku yana kumbure-kumbure, wai na mayar da shi buhun gari.

Ita ce a jikinsa ran Talatar. Ta ci wuta kam, amma ya kakkaɓe, ya tuɓe ta nan take, ƙunar ba ta wuce tafin hannu ba. Da na ba ma'aikaciyar jinya labari, ta ce da mai sheƙin nan ce, da sai an ɓanɓare ta tare da fatarsa. A gabanta na fashe da kuka, ban ji kunya ba.

Yanzu hankalina ya kwanta. Jiya ma ya ce in ƙara masa buhu biyu.

Ka yafe mana dariyar nan, Baba. Akwatin ashana yana nan kusa da almakashina.

Ka gaida Inna da su Yaya.

Taka har kullum,
Auta