Katin da Na Gyara wa Yaya

Zuwa ga ƙawata Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Umma da kowa na gida. Littafinki ya iso, amma ke ma dai, wa ya yage shafin ƙarshe? Har yau ban san ko saurayin ya dawo mata ba.

Kin ce in ba ki labarin zamana a gidan Yaya. Ɗaki biyu ne a bene na uku, katifata tana falo bayan kujera. Yaya tana aiki a wurin wanki da guga, mijinta kuma gyaran firji yake yi. Mutumin kirki ne, sai tsokana. In ya gan ni da littafi sai ya ce, "Malama, yau wa ya mutu saboda so?"

Abin da zan gaya miki, ki riƙe shi a cikinki. Kin san shekararsu biyar babu haihuwa. Sun je wurin wata likita, ta ba Yaya kati mai layi-layi, ta ce wata shida a riƙa sa jan biro a duk ranar da al'ada ta zo, a gefe kuma a rubuta in akwai ƙaiƙayi, ko ruwa, ko ciwon mara. Yaya ta ce rubutunta kamar tonon kaji ne, don haka ni ce mai cikewa. Takan faɗa mini tana kallon bango.

Aku, al'adar Yaya ba ta da kai. Ta zo bayan kwana ashirin, ta ɓace wata biyu, ta dawo ta yi kwana goma. Gefen katin kuwa ya cika taf.

Ana gobe za su koma, Yaya ta ɗauki katin ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Auta, shi ma fa zai shiga da ni. Zai karanta duk wannan?" Ba ta ce in yi komai ba. Ni ce na ɗauko wani sabon kati da likita ta ba su na ajiya, na cika shi, kwana ashirin da takwas daidai, yadda aka koya mana a aji. Gefen na bar shi fari. A duk littattafan da muka karanta, kin taɓa ganin wadda ake so tana fama da ƙaiƙayi? Da na miƙa mata ta ce, "Rubutunki dai, Auta," ta sa a jaka.

Ina jin na kyauta. Ko?

Ki gaida Umma.
Taki,
Auta

Ƙawata Aku,

Sallama da gaisuwa, da fatan zazzaɓin Umma ya sauka. Ki yi haƙuri da shirun wata da watanni, jarrabawa ce ta sha kaina.

Kin ce a wasiƙarki ba ki san ko na kyauta ba. To, ga yadda aka yi. Likita ta duba katin ta ce al'ada lafiya lau take, tunda kuma Yaya ta ce babu abin da ke damunta, sai a gwada maigida. Bawan Allah ya je, ya dawo ko abinci bai ci ba don kunya. Nasa ya fito lafiya. Aka ce su ƙara haƙuri, su dawo bayan wata shida.

Amma Yaya ba lafiya take ba. Banɗakinmu ya cika da kwalabe: sabulu mai ƙamshi, ruwan wanke gaba, har da maganin kashe ƙwayoyin cuta da take ɗebowa daga wurin aiki tana ɗigawa a ruwan tsarki. Abokiyar gugarta ce ta koya mata, wai yana kashe wari. Kwana biyu sai warin ya dawo, ya fi na da. In tana hawa bene sai ta tsaya a hawa na biyu ta dafe mara, ta ce wai takalmi ne ya matse ta.

Yanzu kwana saba'in ke nan ba ta ga jini ba. Ta daina ɗaukar bokiti, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Jiya mijinta ya ce, "Malama, ki fara nemo mana suna a littattafanki, amma ban da na masu kuka." Na yi dariya, na shiga banɗaki na yi ta kuka. Ni na san al'adarta ta sha ɓacewa haka. Yana rubuce a katin farko, wanda ke ƙasan jakar makarantata.

Ki sa mu a addu'a.
Taki,
Auta

Aku,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Mu dai ba lafiya ba.

Ranar Talata da hantsi Yaya ta faɗi a gaban teburin guga, jikinta kamar wuta. Aka kai ta asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi hoton ciki. Babu ciki, Aku, dama can babu. Likita ta ce ciwon sanyi ne da ya daɗe, ya hau daga ƙasa har ya kai bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ɗaya ya toshe. Ɗayan sai an ga abin da magani zai yi. Ta ce wanke-wanken nan ma ƙara wa wuta mai ya yi.

Mijin Yaya, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tsaya a bakin ofis yana cewa, "Wata takwas muna zuwa nan! Me kike dubawa?" Likita ta buɗe fayil ta zaro katin, da rubutuna mai kyau a kai. Ta ce, "Abin da aka kawo mini ke nan."

Kin san ni, ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Ban san yadda aka yi na buɗe jaka ba. Na ajiye na farkon a kan teburinta, na ce ni ce.

Ta jera su biyu ta karanta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce da wannan ta gani tun farko, da ta duba Yaya a ranar, wataƙila da ƙwayoyi sun isa. Na tambaye ta ko Yaya za ta haihu. Ta ce, "Ban sani ba, 'yata, kuma ba zan gyara miki amsar ba."

Mijin Yaya ya ɗauki katin ya karanta gefen, layi bayan layi, leɓensa yana motsi. Da ya gama ya ce, "Duk wannan a gidana, ina kwana ina tashi?" Tun ranar bai sake ce mini Malama ba. Shi da kansa ya kwashe kwalaben banɗaki ya zubar.

An sallamo Yaya jiya, da jakar magani da sabon kati. Na ɗauka ba za ta ƙara bari in taɓa shi ba, har na fara haɗa kayana. Yau da safe muna falo, shi yana ɗaure takalmi zai fita, sai ta miƙo mini biro. Ba ta kalli bango ba, shi take kallo.

Ta ce, "Rubuta. Ciwon mara, gefen hagu."

Na rubuta.

"Ruwa, mai wari."

Na tsayar da biron. Shi kuma ya saki igiyar takalmin ya zauna.

"Rubuta mana, Auta. Da babban baƙi."

Na rubuta, Aku. Kada ki aiko mini da littafi yanzu.

Ki gaida Umma, amma kada ki gaya mata.
Ƙawarki,
Auta