Katin da Aka Yi Ta Ja Har Ya Yi Ja

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Shirye-shirye na kamfaninmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce Hajara Bukar, mai haɗa muku gajerun finafinai a Lafiya da kewaye. Na rubuto a fili ne don na gaji da rubutu a ƙarƙashin katin aiki a manhajar ofis, inda ake nuna mini an karanta amma ba a amsawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yallaɓai, don haka ka yi haƙuri da ni.

Na farko, ba manhajar nake ƙara ba. Ina cikin waɗanda suka yi murna da zuwanta. Kafin ita, umarni a waya yake zuwa, gobe a ce ba haka aka ce ba. Yanzu kowane aiki yana da katinsa, da sunan mai yinsa, da ranarsa, kuma ana jan katin daga layin "za a yi" zuwa "ana yi" zuwa "an gama". Tsari ne mai kyau, kuma ya rage mana musu.

Na biyu, ga abin da ya faru. A farkon rani kuka ba ni aikin fim kan zanen ƙwarya. Tare muka zauna muka rubuta takardar bayanin aikin, wadda muke kira birif, kuma da hannunka ka amince da ita. A cikinta an rubuta cewa wadda za a ɗauka ita ce Goggo Adama, dattijuwar da ke wata ruga a gefen Obi, kuma dole a gama ɗauka kafin saukar ruwan farko, domin da manoma sun fara shuka, mutanen rugar za su tashi da shanunsu. Ba a ɓoye wannan sharaɗi yake ba, yana shafin farko.

Abin da ban sa a takarda ba shi ne yadda na samu shiga rugar. Mutanen nan ba sa buɗe wa mai kyamara ƙofa haka kawai, kuma suna da dalilinsu. Marigayi mahaifina, Malam Bukar, dillalin shanu ne a kara, kuma shekara da shekaru Ardon rugar bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Da na je, Ardo bai tambayi sunan kamfani ba, sunan ubana ya tambaya. Da sunan nan na karɓo muku alkawarin rana.

Na uku, jan kati. Ana gobe za mu tafi, na buɗe waya na ga katin ya koma mako na gaba. Wai za a kai kyamarar wajen wani taron ƙaddamarwa. Ba wanda ya kira ni. Na hau mashin na je Obi na ba da haƙuri, na tarar Goggo ta riga ta wanke ƙoren da ta fi ji da su ta jera, ta kuma kira 'ya'yanta mata daga rugagen da suke aure don su zauna tare da ita a fim. Dariya ta yi, ta ce aikin birni ya gaji haka, ta sa aka dama mini fura. Mako na gaba aka sake ja, wai motar ofis za ta ɗauko baƙi. Wannan karon Goggo ba ta yi dariya ba, amma ta karɓi uzurina.

Sai hadari ya fara haɗuwa. Na rubuta a ƙarƙashin katin cewa lokaci ya ƙure, na liƙa shafin birif ɗin, na sa sunanka. Ardo kuwa ya ce saboda Malam Bukar zai jinkirta tashi, ya yanka mana wata rana. Yallaɓai, wataƙila daga ofis ba a ganin nauyin wannan magana. Kowace ranar da makiyayi ya ƙara bayan an fara shuka, hanya ƙara matsewa take yi, kuma saniya ɗaya ta taka gonar wani ta isa ta jawo abin da ba a so. Wannan kasadar dattijon ya ɗauka domin mu. A ranar da ya ba mu, katin ya sake matsawa gaba. Wanda ya ja shi ko daƙiƙa biyu bai ɓata ba, da yatsa ɗaya ya yi.

Da na koma, sai shatin bukkoki da tokar murhu na samu. Sun tashi a gurguje. Maƙwabta suka ce Ardo bai bar mini saƙo ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Na huɗu, yau katin ya yi ja, alamar aiki ya makara, kuma sunana ne a kai. A taron mako har an haska shi a allo a matsayin misalin jinkirin ma'aikatan fili. Manhajar tana ajiye tarihin wanda ya taɓa kowane kati, amma ba a buɗe wannan shafin ba. Abin da ya ƙarasa kashe mini jiki shi ne shawarar da aka turo mini, wai in nemi kowace tsohuwa mai ƙwarya a kasuwar Lafiya in ɗauka, a kai katin layin "an gama". Ba zan yi ba. Birif ɗin bai ce kowace tsohuwa ba, kuma na gaji da rufe ɓarna da wata ɓarnar.

Ga roƙona. A hana jan katin aikin fili sai an kira wanda sunansa ke kai. A sa sharaɗin da birif ya gindaya a fuskar katin, inda mai ja zai gani kafin ya ja, musamman idan rana ce da damina ko mutane suka yanka, ba ofis ba. A kuma buɗe tarihin katin nan a gaban waɗanda aka haska wa shi.

Roƙo na ƙarshe shi ne ya fi damuna. Na samu labarin inda suka sauka, kuma zan je da kuɗin aljihuna, ba tare da kyamara ba. Ina so ka naɗo mini muryarka a waya, da Hausa, ka faɗi sunanka da muƙaminka, ka gaya wa Ardo da Goggo Adama cewa daga wajenka aka saɓa, ba 'yar Malam Bukar ce ta yi musu ƙarya ba. Fim ɗin ya riga ya tafi, na haƙura da shi. Amma mahaifina bai bar mini gida ko gona ba, sunan nan kaɗai ya bari, kuma ni na ara muku shi. Ina so a dawo mini da abina.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya sa mu gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Hajara Bukar,
Bukan Sidi, Lafiya.