Garwa Biyu a Gindin Randa

Damari,
21 ga Agusta, 1977.

Zuwa ga ɗana, Na Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da addu'ar alheri, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Zulaihatu, a can bakin teku wajen Kalaba. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar, ya sa albarka a aikinka na binciken ƙasar noma. Mu nan muna lafiya. Damina ta zauna, masara ta yi goyo, dawa ta wuce kafaɗa. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi, har ta je suna Sabuwa da kanta. Ƙanenka Rabo yana nan gida, kuma zamansa a gida shi ne dalilin wannan takarda.

Ka tuna abin da na rubuta maka da bazara. Baffanku Malam Sha'ibu ya raka shanu kudu a babbar mota, ya dawo da magana ɗaya a bakinsa: wai ya ga ƙasar da ciyawa ke rufe mutum a tsaye, itatuwa sun tokare sama, ruwa ba ya ɗaukewa. Ya ce a nan, duk inda manomi ya ga duhun itace da ciyawa mai ƙarfi ya san ƙasa ce mai albarka, to ina ga wadda ta ninka haka sau goma? Wani ya yi masa alkawarin fili a can. Sai ya ƙudura a sayar da gonar mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ga wani ɗan kwangila na Faskari, shi kuma ya ɗauki Rabo su je su share daji su shuka dawa. Rabo har ya sayi akwatin ƙarfe. Zamani ne ya zo da haka: tun da aka ce fetur ya kawo arziki, kowane saurayi ya ga fartanya ta yi masa nauyi. Na yi faɗa, na yi nasiha, aka ce mace me ta sani a kan ƙasa, ko da ta yi sakandare.

Amsarka ta iso ta hannun Almu direba, kuma gaskiya da na ga abin da ya sauke raina ya ɓaci. Ina jiran ka zo da kanka, sai ga garwar kananzir cike da ƙasa. Na ce wato uwa tana kuka, ɗa ya aiko mata da turɓaya. Sai da na karanta takardarka sau biyu na huce. Ka ce ka haƙo ta yadda take kwance a dajin: baƙar ƙasa a sama, kaurinta bai wuce tafin hannu ba, ƙarƙashinta kuwa farin rairayi har iyakar inda diga ta kai. Ka ce albarkar dajin tana jikin itatuwa da ganyen da ke zuba yana ruɓewa, ba a cikin ƙasar take ba; in an sare aka ƙone, a ci shekara ɗaya ko biyu, daga nan ruwan wata tara ya wanke sauran. Ka ce ƙasar tana da tsami, ta dace da kwakwa da kwakwar manja da rogo da abarba, kuma mutanen wurin sun san halinta, shi ya sa suke barin gona ta huta shekaru kafin su koma mata. Na karanta wa Baffanku duka. Ya ce wannan turancin 'yan boko ne da aka juya da Hausa.

To, sai na yi yadda ka ce. Na sa aka cika wata garwar da jangargarin gonarmu, aka huda gindin kowacce, na ajiye su a tsakar gida kusa da randa, na shuka dawa kaura ƙwaya biyar-biyar daga dami ɗaya. Na aika aka roƙo Baba Gide mai unguwa ya zo ya shaida. Tsohon ya jiƙa ƙasarku ta bakin teku ya dunƙula a hannu, ya buɗe, ta wargaje. Ya dunƙula tamu, ta tsaya da shatin yatsunsa. Sai ya yanke cewa kada a sa hannu a cinikin gona sai bayan kwana arba'in.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ta bakin teku ce ta fara tsira, da kwana guda, kuma a makon farko ta fi tamu kyau. Baffanku kullum da hantsi sai ya shigo ya tsaya a kanta yana gyaran murya, yana tambaya ko malama ta ga darasin yau. Wata rana da azahar ina wanke-wanke, gidan ba kowa, ga ruwan sabulu a hannuna, zuciyata ta ce in tuttula shi a garwarku, wa zai sani? Na daɗe a tsaye. Sai na tuna ni ce na zane ka a kan goro ɗaya da ka ɗauka a faifan Goggo ka ce ba kai ba ne. Na zubar da ruwan a rariya, na yi istigfari. Ka riƙe wannan: gonar da aka tsare da ha'inci ba gado ba ce, wuta ce aka bar wa 'ya'ya.

A mako na uku ruwa ya yi ta zuba. Garwarku tana tsiyaye shi ta gindi kamar matankaɗi, tamu tana riƙewa. Da saiwa ta wuce baƙar ƙasar ta tarar da rairayi, sai ganye ya fara rawaya, kara ya tsaya siriri kamar tsinken tsintsiya. Ran arba'in tamu ta kai ƙugu, taku ba ta wuce gwiwa ba. Baffanku ya ce ai taki zai gyara ta. Sai Baba Gide ya tambaye shi, shi da ke fataucin shanu, garke nawa ya gani yana kwana a gona a can. Baffanku kuwa ya fi kowa sanin ƙudan tsando ba ya barin saniya ta shekara a wannan daji. Ya tsuguna, ya tuge kara ɗaya, ya daɗe yana duban saiwar, sannan ya ce gani ya kori ji. Da la'asar ya aika Faskari cewa an fasa. Ka rubuta masa takarda ta ladabi, kada ka kuskura ka nuna masa ka yi nasara. Babba ne, kuma ba mugunta ta kai shi ba, idonsa ne ya auna ƙasar wasu da mudun gida.

Rabo ya yi kwana biyu ba ya cin tuwona. Yanzu shi ke sammakon zuwa gona, akwatin kuwa ƙanwarka Bilki ta zuba kayan makarantarta a ciki.

Saura kai. Almu ya ce ya gan ka ka rame, kuma gashin kanka ya yi tsiri irin na 'yan birni. Ka aske. Kada aikin daji ya sa ka haɗa salloli ba dalili. Ilimin da Allah ya ba ka amana ce: yadda ka faɗa mana gaskiyar ƙasar nan, haka za ka faɗa wa manyanka a ofis ko ba su so.

Goggo tana gaishe ku, ta ce a ƙaro mata manja. Baffanku, Inna Larai, Rabo da Bilki duk suna gaisuwa. Ka gaishe da Zulaihatu ƙwarai.

Kai ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanka ba, balle in yabe ka a gaban mutane, kuma ba yau zan fara ba. Amma takarda ba ta da ido. Na gode, Nata'ala. Allah ya yi maka albarka. In ka karanta ka ninke ka ɓoye, kada Goggo ta ji.

Mahaifiyarka,
Saudatu.